Tsakuwar ƙoda mai dawowa tun yarinta: yadda ake gano ciwon sistin da yadda ake zama da shi a zafin Makka

Idan a gidanku akwai wanda tsakuwar ƙoda ta sa a gaba tun yana ƙarami, an cire ta dawo an sake cirewa ta sake dawowa, toh dan Allah kafin a ɗora laifin kan ruwan wayit, wato na tankar ruwa, ko na tahaliya da ake tacewa daga teku, ko a fara cewa hannu aka sa masa, a tsaya a bincika ko ciwon sistin ne, wanda likitoci ke kira sistinuriya. Ba ciwo ne mai yawa ba, a duniya ana ƙiyasin mutum 1 cikin 7,000, a manya masu tsakuwar ƙoda bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba amma a yara yana kai kashi 6 zuwa 8. Na gado ne, mu kuwa nan Makka da Jidda da Madina kowa ya san yadda muke aure, ɗan wa da 'yar ƙani, 'yar kawu da ɗan gwaggo, zuri'a ɗaya ana ta juyawa tun kakanni suka biyo ta Sudan a ƙasa suka tsallako ta Sawakin. Ga kuma zafin garin da ba sai an faɗa ba. Shi ya sa nake ganin mu ya fi kamata mu san shi.

Ga yadda abin yake. Ƙoda tana tace jini dare da rana, kuma a tacewar farko ba ta zaɓe, ruwa da gishiri da sukari da amino asid duk suna zubowa cikin wasu siraran bututu, sai a bangon bututun ake tsamo masu amfani a mayar cikin jini, abin da ya rage shi ne fitsari. Amino asid ɗin nan su ne guntayen da furotin ke rarrabuwa ya zama bayan ka ci nama ko ƙwai ko wake, kuma ba sa ratsa bangon da kansu sai da wani furotin mai dako da ke ɗaukar su. Mai dakon da ya shafe mu yana ɗaukar guda huɗu ne, sistin, onitin, laisin da ajinin, kuma shi kansa haɗin gwiwar furotin biyu ne, babba da ƙarami. Shi babban, ƙwayar gado mai suna SLC3A1 ce ke ƙera shi, tana kan kuromosom na 2 (kuromosom su ne zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansu), aikinsa shi ne kai ƙaramin bakin bangon ya zaunar da shi. Ƙaramin kuma SLC7A9 ce ke ƙera shi, tana kan kuromosom na 19, shi ne ainihin mai shigo da kayan. Idan ɗaya ya samu tangarɗa aikin ya tsaya, huɗun nan sai su wuce cikin fitsari.

Uku daga ciki ba su da matsala, suna narkewa su fita abinsu, jiki ma ba ya rasa su sosai don hanji yana da wata hanyar tsotso su. Sistin ce ba ta son narkewa. Kamar dai ka zuba sukari cokali goma a ƙaramin kofin shayi, wani zai narke sauran ya kwanta a ƙasa, in kana son ya narke duka sai ka ƙara ruwa. Lita ɗaya ta fitsari ba ta narkar da fiye da kusan miligiram 250 na sistin. Mai lafiya abin da yake fitarwa a yini bai kai miligiram 30 ba, mai wannan ciwon kuwa yana wuce 400, wasu har sama da dubu. Abin da bai narke ba shi ke dunƙulewa ya zama tsakuwa, wani lokaci ta girma ta cika cikin ƙodar ta yi rassa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan lissafin ya fito, ka riƙe shi.

Ciwon ma ba sabo ba ne a wajen masana, wani Bature ɗan Ingila William Wollaston ne ya fara bayanin irin wannan tsakuwar a 1810, Archibald Garrod ya lissafa shi cikin cututtukan da ake haihuwar mutum da su a 1908, amma sai 1994 aka gano hannun SLC3A1 a ciki, SLC7A9 kuma a 1999.

Maganar gado, don nan ake samun rigima a gida. Kowa yana da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Yawanci sai yaro ya gaji mai tangarɗa daga ɓangarorin biyu sannan ciwon ke bayyana, iyayen kuma lafiyarsu lau ba su san suna ɗauke da komai ba. Idan dukansu biyu suna ɗauke da ita toh kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 yaron ya zo da ciwon, irin lissafin sikila dai da muka saba ji. Don haka masu cewa daga dangin uwarsa ya kwaso su daina, da ku da su ne. Likitoci suna kiran na SLC3A1 nau'in A, na SLC7A9 nau'in B, kuma shi na B ɗin ko kwafi ɗaya mutum ya gada sistin na iya ɗan hawa a fitsarinsa, jifa-jifa ma a samu mai yin tsakuwa. Wani abu da mutane ke ruɗewa a kai shi ne fahas ɗin kafin aure, wato gwajin lafiya, da Saudiyya ta wajabta tun 2004, wancan sikila da talasimiya (wani ciwon jini na gado) yake dubawa, daga baya aka ƙara ciwon hanta da ƙanjamau, ba ya duba sistin sam. Takardarku ta fito lafiya ba ta ce komai a kan wannan ba.

Yadda za a gano

Hanya mafi sauƙi kuma mafi arha ita ce tsakuwar kanta. Mutane da yawa idan ta fito sai su yi hamdala su kora ruwa, ko a ƙulle ta a tsumma ana nuna wa 'yan dubiya. Kar ka yi haka. Idan ciwon ya motsa ka samu matacin shayi sabo ka ware shi, ka riƙa yin fitsari ta cikinsa, duk abin da ya tsaya ko ƙanƙane ne kamar ƙwayar gero ka ɗauraye da ruwa ka bar shi ya bushe ka sa a 'yar kwalba ka kai muktabar, wato ɗakin gwaje-gwaje, a yi tahalilinsa, a gano da me aka yi shi. In ta hanyar aiki aka cire ka ce wa likita tun kafin a shiga da kai, dakta ina son a tura tsakuwar tahalil, kuma ka bi sakamakon da kanka don abu ne da ake mantawa da shi cikin fayil. Ta sistin tana da launin ruwan ɗorawa ko na zuma, da ɗan sheƙi kamar kakin zuma, amma kar ka dogara da ido.

Na biyu fitsarin safe na farko, shi ya fi kauri. Idan an sa a madubin muktabar ana iya ganin ƙananan lu'ulu'u masu kusurwa shida, in an gan su magana ta ƙare don ba wani ciwon da ke kawo su. Sai dai ba kullum ake ganinsu ba, rashin ganinsu bai wanke mutum ba. Akwai kuma wani tsohon gwaji na sinadarin naitirofurusaid da ke canza launin fitsari in sistin ta yi yawa.

Na uku shi ne tara fitsarin awa 24, shi ke ba da lambar da za a yi lissafi da ita, kuma shi mutane suka fi ɓatawa. Za a ba ka galan a muktabar. Ka tashi da safe, misali ƙarfe shida, ka yi fitsarin farko a bayi ka zubar, wannan ba ya cikin lissafi, ka rubuta lokacin. Daga nan duk wanda ka yi, na rana na dare, har wanda ke zuwa lokacin bayan gida, cikin galan, har zuwa ƙarfe shida na washegari, shi wannan na ƙarshen ana haɗawa. Ka zaɓi ranar da kake gida, ka ajiye galan ɗin a wuri mai sanyi nesa da yara, in an zuba wani ruwan magani a ciki kar ka zubar kuma kar ka taɓa da hannu. Kuma ka ci ka sha yadda ka saba, kar ka ce yau ranar gwaji ce bari in sha ruwa da yawa in burge likita, kanka ka cuta. In ka manta sau ɗaya ka yi a bayi toh a sake daga farko wata ranar.

Gwajin ƙwayar gado kansa ana yi a manyan asibitoci irin su asibitin Sarki Faisal na ƙwararru da ke Riyad da Jidda, amma yana da tsada kuma ba dole ba ne kafin a fara magani, amfaninsa ya fi yawa wajen shawarar aure da tantance dangi. Abin da yake dole shi ne da zarar an tabbatar wa mutum ɗaya a gida, a kai duk waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da shi a duba fitsarinsu da hoton ƙoda na altirasawun, ko da ba wanda ya taɓa cewa wayyo. Tsakuwar nan tana iya girma shiru ta ci ƙoda ba a sani ba. Jarirai dai a bari likitan yara ya faɗi lokacin da ya dace, ƙodarsu ba ta gama nuna ba sakamakon na iya ruɗarwa. Kuma ka duba takardarka da kyau, akwai wani ciwon daban mai suna sistinosis, sunan ne kawai ya yi kama, maganinsu ba ɗaya ba.

Mai igama (takardar zama) da ta'amin (inshorar lafiya) na wajen aiki ya nemi a tura shi wajen likitan masalik, wato na hanyoyin fitsari, ko likitan ƙoda. Wanda takardunsa ba su cika ba ko ba shi da ta'amin, in kuɗin kaɗan ne gara ya sa su a tahalilin tsakuwa da na awa 24 a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, maimakon maimaita hoto da allurar kashe zafi duk wata.

Ruwa

Nan ne aikin yake, in ka ga na daɗe a nan ka yi haƙuri. Ka ɗauki lambar miligiram na sistin da ta fito a gwajin awa 24 ka raba da 250. In an rubuta 750 kana bukatar fitsari lita 3 a yini, in 1,000 ce lita 4. Ka lura, fitsari na ce ba ruwan sha ba. Littattafan likitoci suna cewa babba ya nemi fitsari sama da lita 3, wanda a ƙasa mai sanyi shan lita 4 kan isa, amma a Makka cikin Yuli da zafi ke wuce digiri 45 gumi kaɗai yana kwashe lita biyu ko fiye ba ka sani ba, kaga kenan lita biyar ma wani lokaci ba ta kai ka. Ko cikin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kake kwana jiki yana bushewa a hankali.

Kar ka ce zan riƙa sha da yawa, wannan alkawari ne da ba ya kwana biyu. Ka ƙirga. Ƙananan robobin nan na katan mil 330 ne, sha biyu su ne kusan lita huɗu. Ka jera na yini tun da safe inda ido zai gani, ko ka ɗauki manya na lita ɗaya da rabi guda uku ka yi musu alama da biro, wannan kafin azahar, wannan kafin magariba, wannan na dare. Wani yaro a unguwarmu mahaifiyarsa ta ɗaure wa robarsa robali shida, duk sanda ya shanye ya cika sai ya cire ɗaya ya sa a hannu, in ya dawo daga madarasa ba ta tambayarsa komai hannun kawai take kamawa ta duba, in ta ga biyu sai ka ji ta ce "Baba na, zo nan ka zauna, ba inda za ka sai ka shanye wannan". Ya fi duk wani aflikeshan da na gani aiki. Kuma a rarraba shi a yini, shan lita biyu a tashi ɗaya sannan a yi awa shida ba a sha ba bai da amfani, tsakuwa a awa shidan nan take haɗuwa.

Dare shi ne lokaci mafi haɗari don fitsari yana kauri kuma yana ƙara tsami sanda kake barci. Ka sha kamar rabin lita kafin ka kwanta, zai tashe ka cikin dare, in ka tashi ka yi fitsari ka sake shan kofi ɗaya ko biyu kafin ka koma, da asuba kuma ka sake. Eh barci zai ragu, ba daɗi, amma wanda ya taɓa birgima a ƙasan ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, da ciwon tsakuwa ba ya jayayya a kan wannan. Mai wannan ciwon da ke barci tun isha har asuba bai tashi ba wallahi bai sha abin da ya isa ba.

Sai matsalar da ta fi damun mu nan wadda ba a rubuta ta a littafin Turawa: riƙe alwala. Mutum zai shiga Harami tun la'asar yana son ya kai isha a sahunsa, bayi yana da nisa ga cunkoso, sai ya ƙi shan ruwa. Haka masu tura keken alhazai a ɗawafi da sa'ayi, haka direbobi da ke jin nauyin tsayawa suna ɗauke da iyalan kafili, haka iyayenmu mata masu kasa kaya a bakin hanya da ba su da wurin kewayawa. Mai lafiyar ƙoda zai iya wannan ya kwana lafiya, kai ba za ka iya ba. Ka zauna kusa da ƙofa, ka sabunta alwala kowace salla, ladan sabunta alwala ma daban ne. Zamzam ga shi ko'ina a Harami ka sha ka ƙoshi da niyyar waraka, kuma ka sa shi cikin ƙirgen robobinka, sai dai kar ka ajiye maganin likita saboda shi. Masu aikin rana su sani akwai dokar hana aiki a ƙarƙashin rana daga 12 zuwa 3 na rana, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, haƙƙinka ne.

Alamar da za ka riƙa dubawa ita ce launin fitsari, ya kasance kusan fari kamar ruwa. Da ka ga ya koma ruwan ɗorawa sosai an bar ka a baya. Shayi mara ƙarfi da ruwan lemo da lemon tsami a ruwa duk suna shiga lissafi, lemon kwalba mai gas irin baƙin nan a rage shi. Mai ciwon zuciya ko wanda ƙodarsa ta riga ta raunana shi kam likita ne zai yanka masa adadi, kar ya bi nawa.

Gishiri da nama

Yawan gishiri yana ƙara yawan sistin da ke zubowa a fitsari, rage shi kuma yana rage ta, wannan tabbatacce ne. Abin da ake nema shi ne sodiyom kamar giram 2 a yini, wato gishiri giram 5, ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan na duk yini har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Kuma ɓoyayyen ya fi yawa. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne mu kuma sai mu jefa huɗu biyar a tukunya ɗaya sannan a ƙara gishiri, ga yajin tsire, ga garin indomi, ga zaitun da jubna da ɗurshi na karin safe, ga burost da shawarma da cibs ɗin yara. Ba cewa na yi a daina cin abinci mai daɗi ba, daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da lemon tsami suna ɗaga miya, harshe kuma yana sabawa cikin 'yan makonni. Abin da ya fi sauƙi shi ne a rage wa tukunyar gidan gaba ɗaya, in aka ware wa yaro tasa miyar lami shi kaɗai zai je maƙwabta ya ci, su Hajiya masu hawan jini ma sun amfana.

Nama kuma saboda wani amino asid mai suna metiyonin da jiki ke juyawa ya zama sistin, ya fi yawa a nama da kifi da ƙwai, busasshen kifi da kilishi sun fi don a dunƙule suke. Babba ya rage, ba ya daina ba, yanka ɗaya madaidaici a yini ya isa, ranar walima in an ajiye mandi ka ci shinkafar ka ɗan taɓa naman, lokacin layya da hadaya da nama ke yawa a gari a yi hattara. Wake da ful da adas da ganye da 'ya'yan itace a ƙara, suna ma rage tsamin fitsari. Yara masu girma ba a hana su furotin, a bar wa likita wannan.

Magani

Sistin ta fi narkewa idan fitsari ba shi da tsami. Ana auna tsamin da ma'aunin pH, fitsarin yawancin mutane yana wajen 6, a nan ana son ya zauna tsakanin 7 da 7.5, don in ya kai 7.5 abin da lita ɗaya ke narkarwa yana kusan ninkawa. Maganin da aka fi bayarwa shi ne fotasiyom sitiret, irin su Urocit-K, ana sha da abinci sau biyu ko uku a yini, na dare ya fi muhimmanci. Ka sayi 'yan takardun gwajin fitsari a saidaliyya, wato kemis, ka tsoma ka gwada launin da jadawalin jikin kwalbar, da safe da rana da dare a makonnin farko, ka rubuta a littafi ka kai wa likita ya daidaita maka. Kar ka ƙara da kanka don in ya yi sama da yawa wata irin tsakuwar ce ke fitowa, ta kalsiyom fosfet, kuma fotasiyom in ya taru a jini yana taɓa zuciya musamman ga mai raunin ƙoda ko mai shan wasu magungunan hawan jini.

Na san wani zai ce ai kanwa ma tana kashe tsami, mu jiƙa mu sha. A'a. Kanwa yawancinta sodiyom ce, abin da muke gudu kenan, kuma ba ka san adadin da ka sha ba. Haka fawwar, garin maganin nan mai kumfa a ruwa, da ake saya ba takarda da an ji ciwon baya, da yawansu sodiyom ne a ciki, ka karanta kwalin ko ka tambayi mai saidaliyya.

In ruwa da rage gishiri da sitiret ba su isa ba akwai tiyofronin, wanda ake sayarwa da sunan Thiola, da kuma tsohon magani fenisilamin. Su suna kama sistin ne su raba ta biyu su haɗu da ita su zama abu mai saurin narkewa. Suna aiki amma suna da illa, ƙuraje, zazzaɓi, canjin ɗanɗano, zubar furotin a fitsari, raguwar ƙwayoyin jini, dole ana bibiya da tahalil, mai shan fenisilamin kuma ana haɗa masa da bitamin B6. Mace mai ciki ko mai niyya ta faɗa wa likita tun da wuri don yawanci ana dakatar da su. Kuma ba sa maye gurbin ruwa.

Azumi tambaya ce da ke zuwa duk shekara. Awa goma sha uku zuwa sha biyar ba ruwa abu ne mai nauyi ga mai wannan ciwon, Allah kuma Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Ka je wajen likitanka tun Sha'aban da sakamakonka a hannu, abin da ya ce ka kai wa malamin da ka yarda da shi, su biyun za su gaya maka ko ka yi, ko ka rama a gajerun kwanakin sanyi, ko ciyarwa ce ta hau kanka. Wanda aka yarje masa ya raba ruwansa daga buɗa baki zuwa sahur kofi-kofi, ya kai sahur ƙarshen lokaci, ya bar sambusa da shurbar leda masu gishiri, ya guji rana. Masu aikin Hajji kuma, kowa ya tuna 2024 da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka mutum sama da 1,300 suka rasu, mai ciwon sistin da zai yi kwanakin Mina da Arfa yana hidima ya riƙe robarsa da lemarsa da maganinsa a jikinsa ba a tanti ba.

In ciwon ya motsa, wato ciwo mai tsanani a kwiɓi yana saukowa mara, da amai ko jini a fitsari, maganin kashe zafi irin Voltaren yana taimakawa amma ba na kullum ba ne kuma mai ƙoda ɗaya ko mai raunin ƙoda ya nisance shi. In akwai zazzaɓi da rawar ɗari tare da ciwon, ko fitsari ya tsaya, ko amai ya hana ka riƙe ruwa, ba zancen jira gari ya waye, a tafi ɗawari ko a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997, toshewa da ƙwayar cuta in suka haɗu suna kisa. Ka gaya musu tun a bakin ƙofa cewa ciwon sistin gare ka, don tsakuwar ba ta fitowa sosai a hoton eksire na gama-gari, kuma na'urar fasa tsakuwa daga waje sau da yawa ba ta cin ta saboda taurinta. An fi shiga ta mafitsara da siririn madubi a fasa da leza, babba kuma a huda ta baya a kwaso. In an sa maka 'yar robar nan da ke riƙe hanyar fitsari a buɗe ka rubuta ranar cirewa a wayarka da jikin firiji, a jikin mai sistin tana saurin yin ɓawon tsakuwa in ta wuce lokaci.

Bayan haka bibiya ce, duk wata shida zuwa shekara a yi altirasawun da gwajin aikin ƙoda da awon jini, a maimaita na awa 24 in an canza magani ko an shiga bazara. Hoton siti, wato CT scan, a bar shi sai da dalili don maimaita shi da yawa tun yarinta ba shi da kyau. Ka haɗa takardunka a fayil ɗaya, sakamakon tsakuwa a sama, ka ɗauki hotonsu a waya, in za ka je gida Kano ko Sakkwato ko Damagaram hutu ka tafi da maganin da zai kai ka ka dawo har da rara, da takardun gwajin pH ɗinka, don ba kowane kemis za ka same su ba.